BABI NA UKU: TSEREN BABURA NA GRAND PRIX DA SAWUNSA A ƘASASHEN WURNO DA RABAH DA GORONYO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo da kuma sana'o'in mutanensu. A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana wani wasa wanda ba a taɓa gudanar da shi a waɗannan garuruwa ba, amma ya taɓa rayuwar mazaunansu ta wata hanya da ba kowa ya lura da ita ba. Wasan kuwa shi ne tseren babura na duniya da ake kira Grand Prix. Za a dubi ma'anarsa da tsarinsa da tarihinsa daga shekarar 1949 zuwa 2001, wato lokacin da masoya wasan ke ɗauka a matsayin zamaninsa na dauri. Daga nan za a duba abubuwan da suka fi zama a zukatan 'yan kallo, sannan a dawo gida a ga yadda sunayen Honda da Suzuki da Yamaha suka iso gabashin Sakkwato, da irin matsayin da babur ya samu a can, da yadda matsayin nan ya sauya. Dalilin haɗa waɗannan abubuwa biyu shi ne, babur ɗin da ɗan kabu-kabu ke ɗora wa buhun albasa zuwa kasuwar Acida yana da dangantaka ta jini da babur ɗin tsere, domin kamfanonin da suka ƙera shi a fagen tsere suka gina sunansu.

3.1 Ma'anar Grand Prix da Tsarinsa

Kalmar Grand Prix ta Faransanci ce, ma'anarta babbar kyauta. A fagen wasan babura tana nufin jerin tsere da ake yi a ƙasashe daban-daban cikin shekara guda, inda ake tara makin kowane mahayi, wanda ya fi yawan maki a ƙarshen shekara kuma ya zama zakaran duniya. Hukumar babura ta duniya mai suna FIM ce ta kafa gasar a 1949, kuma an buɗe ta da tseren Tsibirin Man, wani tsibiri da ke tsakanin Ingila da Ailan, a watan Yuni na wannan shekara.

Ana raba baburan aji-aji gwargwadon girman cikin injinsu, wanda ake aunawa da ma'aunin si-si. Da farko akwai ajin 125 da 250 da 350 da 500, sai kuma ajin babur mai akwati a gefe. A 1962 aka ƙara ajin 50, wanda ya ɗore har 1983, ajin 350 kuwa an rufe shi bayan 1982. A wancan zamani ajin 500 shi ne babba, zakaransa ne ake ɗauka sarkin mahaya. Wannan rabo yana tabbatar da adalci, domin ba a haɗa ƙaramin inji da babba a fage ɗaya.

Tsarin maki ya sha sauyawa. Daga 1950 zuwa 1968 na ɗaya kan sami maki 8, mutum shida kawai ake ba maki. Daga 1969 aka mayar da makin na ɗaya 15, mutum goma kuma suke samu. Tun daga 1993 na ɗaya kan sami 25, na biyu 20, na uku 16, har zuwa na 15 mai maki 1. Abin lura a nan shi ne, tsarin yana saka wa wanda ya isa ƙarshe lafiya. Mahayin da ya yi gudun fitar rai ya faɗi a zagayen ƙarshe ba shi da ko maki ɗaya.

3.2 Zamanin Ingila da Italiya

A shekarun farko kamfanonin Ingila da na Italiya ne suka mamaye fage. Leslie Graham na Ingila ne zakaran farko a ajin 500 a kan babur ƙirar AJS. Bayansa Geoff Duke ya ci a kan Norton a 1951, sannan ya koma kamfanin Gilera na Italiya ya ci sau uku a jere daga 1953 zuwa 1955. Baburan Ingila masu silinda ɗaya ne ko biyu, suna da sauƙin sarrafawa a kwana, na Italiya kuwa masu silinda huɗu sun fi su ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya. Kamfanin Moto Guzzi ma har mai silinda takwas ya ƙera.

A ƙarshen 1957 kamfanonin Gilera da Moto Guzzi da Mondial suka janye daga gasar saboda tsadar ta da kuma raguwar cinikin babura. Wannan ya bar fili ga kamfanin MV Agusta, wanda ya riƙe kambin ajin 500 shekara 17 a jere, daga 1958 zuwa 1974. A kan wannan babur ne John Surtees ya zama zakara sau huɗu kafin ya koma tseren motoci ya ci kambin duniya a 1964, kuma har yau shi kaɗai ne ya haɗa kambin babur da na mota. A kansa ne kuma Mike Hailwood ya ci daga 1962 zuwa 1965, Giacomo Agostini na Italiya kuma daga 1966 zuwa 1972. Agostini ya yi ritaya da kambin duniya 15 da nasarar tsere 122, Hailwood kuwa da kambi 9 da nasara 76.

3.3 Shigowar Kamfanonin Japan

A 1954 Soichiro Honda, wanda ya kafa kamfanin Honda, ya ziyarci Tsibirin Man ya ga tazarar da ke tsakanin baburansa da na Turai. Bayan shekara biyar, wato a 1959, ya aika da ayarinsa na farko a ajin 125, suka dawo da kyautar ayari. A 1961 Honda ta ci kambin duniya biyu, Tom Phillis a ajin 125, Mike Hailwood kuma a ajin 250. Suzuki ta biyo baya da kambin ajin 50 a 1962, Yamaha kuma da na ajin 250 a 1964 ta hannun Phil Read.

Hanyar da Honda ta bi ita ce ta ƙananta silinda ta yawaita su, domin inji ya riƙa juyawa da sauri ƙwarai. Ta ƙera babur mai si-si 250 da silinda shida, wanda injinsa ke juyi kusan 18,000 a minti ɗaya, da mai si-si 125 da silinda biyar. Suzuki kuwa ta yi mai si-si 50 da giya 14. Kuɗin da wannan gasa ke ci ya yi yawa, har Honda ta janye bayan 1967, hukumar FIM kuma ta taƙaita yawan silinda ta kuma tsayar da giya a kan shida.

Muhimmancin wannan zamani ga wannan nazari shi ne, kafin 1959 kasuwannin duniya ba su ɗauki kayan Japan da daraja ba. Nasarar fagen tsere ce ta zama musu shaida, cikin shekaru kaɗan kuma baburan Japan suka ture na Ingila daga kasuwa, har da kasuwannin Afirka ta Yamma inda a da ake ganin BSA da Triumph.

3.4 Inji Mai Bugu Biyu da Mai Bugu Huɗu

Ba za a fahimci tarihin nan ba sai an san bambancin injina biyu da suka yi ta gwagwarmaya a cikinsa. Inji mai bugu huɗu yana kammala aikinsa ne a motsin fistin huɗu: ya sauka ya zuƙo fetur da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ya tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Yana da bawul masu buɗewa da rufewa, baƙin mai kuma yana zaune a ma'ajinsa dabam. Mai bugu biyu kuwa ba shi da bawul irin wannan, sai kafofi a jikin silinda waɗanda fistin kansa ke buɗewa da rufewa. Duk saukar fistin wuta ce, saboda haka ya fi ƙarfi idan girmansu ɗaya, ya fi sauƙin nauyi, ya kuma fi sauƙin gyara. Illarsa ita ce yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa yake hayaƙi, yana kuma shan mai.

Babbar matsalar mai bugu biyu ita ce sabon fetur kan bi hayaƙi ya zube ta salansa tun bai ƙone ba. Wani injiniya na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas mai suna Walter Kaaden ne ya ƙware wajen magance wannan, ta hanyar ƙera salansa mai kumburarren ciki da tsukakken ƙarshe. Idan hayaƙi ya fita da ƙarfi, sai ya bugi tsukakken wurin ya dawo da wani matsi wanda ke tura fetur ɗin da ya fara zubewa ya koma cikin silinda. A 1961 mahayin MZ, Ernst Degner, ya tsere daga Jamus ta Gabas ya koma Suzuki da wannan ilimi, shi ne kuma ya ci mata kambin 1962 da aka ambata. Wannan bayani yana da amfani ga makanikan gida, domin yana nuna cewa salansar mai bugu biyu wani ɓangare ne na injin. Wanda ya yanke ta don neman ƙara, ƙarfin babur ɗinsa ya rage, ya kuma ƙara wa kansa kuɗin mai.

3.5 Zamanin Ajin 500 Mai Bugu Biyu

A 1975 Agostini, wanda ya riga ya koma Yamaha, ya ci kambin ajin 500 na farko a kan inji mai bugu biyu. Daga nan har 2001 babu wani mai bugu huɗu da ya sake cin wannan aji. Barry Sheene na Ingila ya ci a 1976 da 1977 a kan Suzuki, Kenny Roberts na Amurka kuma ya ci daga 1978 zuwa 1980 a kan Yamaha. Roberts ya taso ne a tseren fagen ƙasa na Amurka, inda ake barin tayar baya ta zame a kwana, ya kuma shigo da wannan salo kan kwalta. Bayansa Amurkawa da mutanen Ostareliya suka mamaye ajin: Freddie Spencer a 1983 da 1985, Eddie Lawson sau huɗu tsakanin 1984 da 1989, Wayne Gardner a 1987, Wayne Rainey daga 1990 zuwa 1992, Kevin Schwantz a 1993, sai Mick Doohan sau biyar a jere daga 1994 zuwa 1998.

Baburan wannan zamani sun yi suna wajen ƙiwuya. Ƙarfinsu kan zo gaba ɗaya a lokaci guda, idan tayar baya ta zame ta sake kama ƙasa kwatsam sai babur ya cilla mahayi sama kamar yadda ingarma ke kayar da wanda bai iya linzami ba. Valentino Rossi na Italiya ne zakaran ƙarshe na ajin 500 a 2001. A 2002 aka sauya sunan babban ajin zuwa MotoGP, aka buɗe ƙofa ga masu bugu huɗu har si-si 990, zamanin dauri kuma ya rufe.

3.6 Rabon Nahiyar Afirka

Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar Afirka da ta taɓa karɓar baƙuncin wannan gasa, a fagen Kyalami daga 1983 zuwa 1985 da kuma 1992, sai a garin Welkom daga 1999 zuwa 2004. Daga Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, Gary Hocking ya ci ajin 350 da 500 a 1961, Jim Redman kuma ya ci wa Honda kambi shida. Daga Afirka ta Kudu Kork Ballington ya haɗa ajin 250 da 350 a 1978 da 1979 a kan Kawasaki, Jon Ekerold kuma ya ci ajin 350 a 1980. Dukkan waɗannan fararen fata ne, domin tsarin mulkin waɗancan ƙasashe a lokacin ya toshe wa baƙar fata hanyar shiga irin wannan wasa.

Babban tseren babura na duniya da ya fi kusantar ƙasar Hausa shi ne na Faris zuwa Dakar, wanda ya tashi a karon farko ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa Agadas da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Cyril Neveu na Faransa ne ya ci shi a kan Yamaha XT500. Sai dai wannan tseren hamada ne, tsarinsa dabam da na Grand Prix. A cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kuwa, tseren motoci da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu shi ne wasan inji da mutane suka fi sani.

3.7 Abubuwan da 'Yan Kallo Suka Fi Tunawa

Idan aka dubi abin da masoya wasan na dauri ke yawan maimaitawa, za a iya kasa shi gida huɗu.

Na farko shi ne ƙara da ƙamshi. Kowane babur yana da muryarsa, ɗan kallo kan gane Norton ko MV Agusta ko Honda mai silinda shida tun bai hango shi ba. Haka kuma ana amfani da baƙin mai da aka yi daga 'ya'yan zurma, wanda ƙamshin ƙonewarsa ke cika fage.

Na biyu shi ne yadda ake tashi. Har zuwa 1986 mahaya kan jeru ne inji a kashe, fage ya yi tsit, da an saki tuta sai kowa ya tura babur ɗinsa da gudu ya tayar da shi da giya ya ɗare. Daga 1987 aka koma tashi da inji a kunne. Duk wanda ya taɓa tura babur mai mataccen fulogi a yashin fadama ya san irin wannan aiki.

Na uku shi ne adawa tsakanin gwanaye biyu. Misali shi ne karon Hailwood da Agostini a Tsibirin Man a 1967, a kan hanya mai tsawon kilomita 60 da ɗoriya a zagaye ɗaya. Hailwood yana fama da maƙurar da ta kwance a hannunsa, Agostini yana gaba, sai sarƙar babur ɗin Agostini ta tsinke, Hailwood ya ci. Wani misalin shi ne na Silverstone a 1979, inda Roberts ya riga Sheene isa layi da kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa.

Na huɗu, wanda ya fi nauyi, shi ne mutuwa da naƙasa. Yawancin fagagen farko hanyoyin mota ne da ake rufewa ranar tsere, da gidaje da itatuwa da katangu a gefensu. Bayan rasuwar Gilberto Parlotti a Tsibirin Man a 1972, Agostini ya ƙi sake yin tsere a can, wasu suka bi sahunsa, har aka cire tsibirin daga gasar duniya bayan 1976. Ranar 20 ga Mayu 1973 Jarno Saarinen da Renzo Pasolini suka rasu a haɗari ɗaya a Monza ta Italiya. A 1993 Wayne Rainey ya faɗi a Misano yana kan gaba a gasar, bai sake tafiya da ƙafafunsa ba. Waɗannan abubuwa ne suka sa mahaya suka riƙa ƙaurace wa fagagen da ba su da aminci, aka janye shingayen ƙarfe daga bakin hanya, aka shimfiɗa tsakuwa mai rage gudu, aka kuma kafa asibitin tafi-da-gidanka mai bin gasar tun 1977.

3.8 Isowar Babur Wurno da Rabah da Goronyo

Waɗannan ƙasashe uku ƙasashen doki ne tun asali. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Rabah mahaifar Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ce, wanda ya riƙe hakimcinta tun 1934. Goronyo kuwa tana bakin Gulbin Rima, inda aka gina madatsar ruwa da aka kammala a 1984 aka kuma buɗe a 1992. Doki na sarauta ne da masu hali, jaki da raƙumi na kaya, keke kuma ya zo daga baya.

Waɗanda suka fara hawan babur a karkara su ne ma'aikata, kamar malaman gona da malaman makaranta da malaman asibiti da ma'aikatan En'e, waɗanda aikinsu ke buƙatar zagaya ƙauyuka. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya yawaita babura a hannun ƙananan ma'aikata, kuma wannan ya zo daidai da lokacin da Yamaha da Suzuki ke ƙwace ajin 500. An riƙa harhaɗa baburan a cikin ƙasa, Suzuki a hannun kamfanin Boulos a Legas, Honda kuma ta kafa masana'antarta a Ota a 1979. Ƙananan Suzuki da Yamaha masu si-si 100 da suka cika hanyoyin karkara masu bugu biyu ne, ƙa'idar aikinsu ɗaya da ta babur ɗin Sheene da na Roberts, bambancin sai na girma da tsada. Honda kuwa ta tsaya kan mai bugu huɗu, a 1975 ma ta fito da CG125 musamman domin ƙasashen da ake wahalar da babur ba a kuma sauya masa baƙin mai a kan kari.

Matsin tattalin arziki da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ya sa mota ta yi tsada, sai babur ya zama abin haya, wanda a Sakkwato ake kira kabu-kabu. Daga baya baburan Sin irin su Jincheng, wanda aka bi ƙirar Suzuki AX100 wajen yin sa, suka sauƙaƙa farashi, sannan Bajaj Boxer na Indiya mai bugu huɗu ya ture su saboda ƙarancin shan mai. Ke nan abin da ya faru a fagen tsere a 2002 ya faru a kasuwar gida, wato mai bugu huɗu ya karɓe fage.

A wannan yanki na shinkafa da albasa da tafarnuwa, babur ya zama ƙafar manomi. Shi ke kai taki da injin ban ruwa fadama, shi ke fito da amfani zuwa bakin titi, shi ke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Tunanin da dattawa da tsofaffin makanikai ke da shi na wancan zamani bai rataya ga sunayen mahayan Turai ba, ya rataya ne ga baburan kansu: wanda ya fi tashi, wanda ya fi jure yashi, wanda ke cin fulogi, da yadda ake gane babur ɗin malamin gona daga ƙararsa tun yana bayan gari. Idan aka kwatanta wannan da kashi na farko a 3.7, za a ga cewa kunne ɗaya ne ke aiki a wuraren biyu.

3.9 Sukuwa da Tsere da Ganganci

Bahaushe ya san tsere tun kafin zuwan inji. Sukuwar dawaki tana da fili da aka keɓe, da lokaci, da manya masu sa ido, da mahayan da suka koyi hawa tun suna yara. Ta wannan fuska sukuwa ta fi kusa da Grand Prix fiye da abin da wasu samari ke yi da babura a ranakun salla da rakiyar amarya, inda ake gudu da ɗaga tayar gaba da sakin hannu a kan hanyar da yara da dabbobi da masu talla ke bi.

Bambancin a fili yake. Mahayin Grand Prix yana sanye da hular kwano da rigar fata da safar hannu da takalmi mai tsawo, kowa fuska ɗaya ya nufa, an binciki babur kafin tashi, akwai masu tuta a kowace kwana, likita kuma yana jira. Duk da haka an ga irin rayukan da wasan ya ci. Mai ganganci a titi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya, wanda yake kaɗewa kuma bai shiga gasa da shi ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da aka kafa a 1988 ta fara tilasta sanya hular kwano ranar 1 ga Janairu 2009, amma dokar ba ta yi tasiri sosai a karkara ba. Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani, tarihin tseren nan kuma ya nuna cewa gwanayen mahaya ne da kansu suka fi kowa dagewa a kan rigakafin.

3.10 Sauyin Matsayin Babur

A shekarun baya-bayan nan babur ya ɗauki wata ma'ana ta dabam a gabashin Sakkwato. Sauƙin da yake da shi na ratsa daji da yashi, wanda ya amfani manomi, shi ne ya amfani 'yan bindiga. A watan Yuli na 2018 an kai mummunan hari ƙauyen Tabanni a Ƙaramar Hukumar Rabah, ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 kuma aka kai wani kasuwar Goronyo, inda aka kashe mutum fiye da 40. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta sanya dokokin taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi da dama. Waɗannan matakai sun shafi ɗan kabu-kabu da makanike da manomi waɗanda abincinsu ke kan babur. Ƙarar da a da kan sa yara su fito da gudu su tarbi malamin gona, ta zama ƙarar da ke sa a kwashi yara a shige daji.

3.11 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda gasar Grand Prix ta faro a 1949, da yadda ta fita daga hannun Ingila da Italiya zuwa na Japan, da yadda inji mai bugu biyu ya mamaye ta daga 1975 zuwa 2001. An kuma ga cewa baburan da suka shigo Wurno da Rabah da Goronyo 'ya'yan wannan tarihi ne ta fuskar suna da ta fuskar fasaha. Abubuwa biyu ne suka fito fili. Na farko, gudu a kan babur bai zama wasa ba sai da fili da doka da kariya, kamar yadda sukuwa take. Na biyu, tsofaffin makanikai da mahayan da suka yi zamani da Suzuki da Yamaha masu bugu biyu suna ƙarewa, yaran da suka taso cikin tashin hankali kuma wata fuska ɗaya ta babur suka sani. A Japan da Ingila an tanadi gidajen tarihi da bukukuwan fito da tsofaffin babura domin adana irin wannan tunani. A nan gida kuwa yana cikin bakin mutane ne kawai, don haka ya kamata masu nazarin al'ada su tattara shi tun masu shi suna raye. Babi na gaba zai dubi kalmomin aro da kirari da rubuce-rubucen jikin babur a bakin 'yan kabu-kabu da makanikan waɗannan garuruwa.